Ceɗiyar Dikko da Simintin Alhaji

Shekaranjiya na ratsa ta bakin tasha a Boɗinga, na tarar da wasu samari suna jera intalok, bulon nan na daɓen ƙasa, a gindin wani dogon yaro. Na yi musu sannu da aiki, na tambayi babbansu ina ruwan sama zai bi idan ya sauka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, aikin ga ai ba wani abu na ba. Jera bulo na kawai, ko yaro shina yi." Sauran suka kwashe da dariya. Na duba na ga sun datse saiwa mai kaurin cinyata sun jefar gefe, sun kuma ɗura ruwan siminti tsakanin bulon har jikin iccen. Na wuce abina, don in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Amma yau ga ni na dawo wurinku. Kallon kitse kuke wa rogo, samari. Ku zauna in gaya muku abin da ake kira shimfiɗa a gindin icce, da abin da rashin saninta ya jawo wa wani bawan Allah a garin nan.

Sunana Arzika. Sana'ata shimfiɗar dutse, wato jera fallayen dutse a kan yashi inda mutane ke bi ko suke zama, ba siminti, ba laka, ba abin da zai liƙe su. Bawan Allahn da nake faɗa kuwa Dikko ne, wanzami. Ba shi da shago, ba shi da rumfa. Wata tsohuwar ceɗiya ce a wata unguwa kusa da kasuwa, ita ce shagonsa, ita ce rufinsa. A inuwarta yake buɗe zabirarsa da safe, a nan yake ciyar da gidansa. Manoman albasa na ƙauyen Mandera in sun sauke kaya nan suke zuwa a kankare musu kai, mutanen unguwa kuma nan suke alwala su yi sallah a gefe. In babu ceɗiyar nan, babu wurin Dikko.

A wurin Baba Nomau, mutumin Sifawa, na koyi aiki. Gajere ne, mai faɗa kamar zakaran unguwa, kuma bai taɓa cewa aikina ya yi kyau ba har ya bar duniya. Ya daɗe bai bar ni na taɓa dutse ba. Aikina kora jakai zuwa gulbi, in cika mangala da yashi, in dawo in tankaɗe. Yashin ma ba kowane ba. Zai damƙi wanda na kawo ya matse a tafin hannu, in ya dunƙule sai ya watsa mini a ƙafa ya ce, "Wanga laka na. Koma." Yashi mai laka yana toshewa, ruwa ba ya ratsa shi. Mai tsakuwa-tsakuwa ake so, wanda in ka zuba masa ruwa zai shanye kafin ka miƙe tsaye.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa ake raina mu. Diga, shebur, kwanon sarki, igiya, da madaɓi na iccen ƙirya. Guduma ta ƙarfe ba ta zuwa kusa da dutsen shimfiɗa sai wurin gyara baki. Diga kuwa tana da iyaka. Ranar da muka fara aiki a wani gida a Sifawa, Baba Nomau ya tsaya ya dubi inda inuwar tsamiyar gidan ta tsaya da rana tsaka, ya ja layi da dunduniyarsa ya ce daga nan zuwa ciki ba diga, ba shebur. Da hannu da guntun ƙoƙo na yi tonon, a durƙushe, ina bin saiwa kamar mai neman allura. Ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda kuke sharewa da shebur ba ku ko duba ba, da su icce yake shan ruwa. Manyan riƙo kawai suke yi. Na yi kwanaki farcena na jini, shi yana zaune yana cin goro yana ce mini in yi a hankali.

Aikin gindin ceɗiyar Dikko shi ne na farko da ya bar ni na jera dutse da hannuna. Kafin mu zo, wurin in damina ta sauka taɓo ne har idon sawu, in rani ya yi kuma ƙafa ta tattake ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Mutanen unguwa suka kira mu. Muka sassauta ƙasar, muka zuba tsakuwa, muka bi da yashi. Inda babbar saiwa ta taso ba a sare ta ba, an lulluɓe ta da yashi ne aka kewaye ta da ƙananan duwatsu. Tsakanin dutse da dutse a bar faɗin yatsa, a cika da yashi. Kewayen gindi kuma a bar fili, kada dutse ya taɓa ɓawo. Abin da ya fi wuya shi ne gangare. Duk magini an koya masa ya kori ruwa daga jikin aikinsa, mu kuwa jawo shi muke yi. Sai ka karkata shimfiɗar kaɗan, yadda mai tafiya ba zai ji ba amma ruwa zai ji, ya gangara wajen iccen.

Da muka gama, Baba Nomau ya karɓi butar wani mai alwala ya tuttule a kan dutsen. Ruwan ya bi tsaga ya ɓace. Ya juya ya ce wa Dikko, "Ka gani? Duk wanda yay yi alwala nan ya shayar da ita. Ruwan askinka ma kak ka zubas nesa."

Dikko ya yi dariya ya ce, "Ashe ceɗiyag ga ta hi ni samun lada. Kullum cikin alwala take."

Ga abin da ba ku sani ba: shimfiɗa ba a gama ta. Saiwa tana tafiya. Kowace shekara bayan damina sai mu koma, mu bi da tafin ƙafa mu ji inda dutse ya taso. Mu ɗaga shi, mu rage yashi, mu ba saiwa hanya, mu mayar. Dutsen da ba a liƙe ba yana ɗagawa saiwa ta wuce, shi ne amfaninsa. Amma je ka fahimtar da mai gida! Wani ɗan kasuwa a Shagari, mun yi masa hanya daga zaure zuwa bakin titi ƙarƙashin dogon yaro. Shekara ta zagayo muka koma da madaɓi. Ya tare mu a ƙofa ya ce, "Ku mi kunka zaka yi? Aikin da kunka yi bara bai yi ba ne?" Muka yi bayani har bakinmu ya bushe. Ya ce shi bai taɓa ganin tela ya dawo ya kwance ɗinkin da ya yi ba, wayo ne kawai na neman abin goro. Muka kora jakanmu muka tafi. Dikko ne kaɗai ba ya jira mu zo. Da ruwa ya ɗauke zai aiko a ce dutse kaza ya fara tuntuɓe da mutane.

Sai aka shiga Jamhuriya ta biyu, siminti ya cika gari. Manyan motoci suna wucewa Shagari da shi, kowa ya zama ɗan kwangila, wanda jiya yake tallan goro yau yana da tirela ta kansa. Duk abin da ba siminti ba ya zama ƙauyanci. Aka fara ce mana masu aikin da. A lokacin Baba Nomau ya rasu, aikin ceɗiyar ya dawo hannuna.

Akwai wani attajiri a unguwar, Alhaji Altine, dillalin albasa. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi har yau, don da mugu ne da na san yadda zan zage shi. Mahaifinsa ya rasu, tsohon kuma a gindin ceɗiyar nan ya yi zaman tsufansa. Alhaji ya ce zai yi masa sadaka: zai malale wurin duka da siminti, ya yi dakali kewaye da gindin, ya ja kwata ta kwashe ruwan alwala zuwa bakin titi, don a daina sallah kusa da danshi. Unguwa ta ɗauka da sa albarka.

Na same shi a ƙofar gidansa yana cikin mutane. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Alhaji, Allah shi ƙara girma. Icce da ƙasa yaka sha, da ƙasa yaka numfashi. In anka ruhe ta, anka kau da ruwan alwala, mi za ta sha?"

Ya ce, "Arzika, ceɗiyag ga ta girmi ubanka. Wa ash shayar da ita kahin ku zo da duwatsunku?"

Na ce, "Lokacin ƙasa a buɗe take, ranka shi daɗe."

Wani daga cikin na zaune ya ce, "Ku ƙyale shi, abincinai yaka karewa." Aka yi dariya. To me zan ce? Gaskiya ne abincina ne, amma don abincina ne ba shi ya sa maganar ta zama ƙarya ba. Dikko yana wurin. Shi yake aske kan Alhaji, shi ya yi wa 'ya'yansa kaciya, ba zai iya musu da shi a gaban jama'a ba. Da muka fito ya ce mini a hankali, "Ɗana, bari. Wataƙila Allah shi kiyaye."

Ina tsaye aka tone duwatsun da na jera a durƙushe, aka loda wa jaki aka kai bayan gari aka zubar. Magina suka sa diga a inda ni ban taɓa sa ko shebur ba. Suka malala siminti har ya rungumi gindin, suka shafe shi sumul, suka shafa wa dakalin farar ƙasa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau a ido. Aka yi addu'a, aka raba waina.

Kuma ceɗiya ba ta yi komai ba. Nan ne tarkon yake, ku riƙe wannan. Babban icce ba ya mutuwa ranar da aka cuce shi, yana da ajiya a jikinsa. Damina ta zo ta wuce, ganye kore shar. Wata ta sake zuwa, haka. Na zama abin tsokana. In na wuce sai a ɗaga murya a ce, "Arzika, zo ka yi wa ceɗiyarka ta'aziyya!" Ni kuwa ina ganin abin da ba sa gani. Ganyen ƙoli ya ƙanƙance. In ruwa ya sauka, yana buga siminti ya bi kwata ya tafi titi, ko cikin cokali ba ya shiga ƙasa.

Daga nan duniya ta juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kwangila ta ƙafe, soja suka karɓi mulki, ana layin sabulu da gishiri. Sannan ruwa ya ƙi. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rijiyoyi suka ja baya, fadamun albasa suka tsage. Wa zai kira mai shimfiɗar dutse alhali ba tuwo a gidansa? Na sayar da jakaina, na koma ɗaukar kaya a kasuwa da kwanon sarkin da nake awon yashi da shi. Itatuwan da na yi wa shimfiɗa a Sifawa da Shagari sun sha wuya su ma, amma sun tsaya, don duk ɗan ruwan da aka zubar a kusa da su, na wanke hannu ko na alwala, yana isa gare su. Ceɗiyar Dikko kuwa mutane suna alwala a gindinta safe da yamma, ruwan yana bin kwata yana ƙafewa a bakin titi, ita tana tsaye da ƙishirwa. In akwai abin da ya fi wannan ban takaici, ni ban gan shi ba.

Reshen gabas ya fara bushewa, inuwa ta yi ɓuli-ɓuli. Dikko ya riƙa jan tabarmarsa yana bin inda ta saura. Wata safiya ya zo har gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama. Ya ce, "Arzika, tana mutuwa. Kullum ina zuba mata ruwan aski ga gindi, ba shi shiga, dakali ya matse ta awa zobe. Mu tai wurin Alhaji."

Muka je. Alhaji Altine ya rame, fari ya cinye kasuwarsa. Ya saurare mu har ƙarshe. Wannan karon Dikko ne ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, ban taɓa roƙonka komi ba. Ka bari a hwasa simintin ga. In ta mutu ban da wurin zama."

Alhaji ya ce, "Dikko, ba don kuɗɗin ba. Sadaka ta. Na ba Allah don tsohona. Ka taɓa ganin wanda yab ba da sadaka ya koma da diga ya tone ta? Mi mutane za su ce? Hwari na, ko'ina icce na mutuwa. In ruwa ya zaka tana tashi."

Na ce ko kewayen gindin kawai a buɗe, a huda ramuka, a toshe kwatar. Ya ce zai yi shawara. Shawarar nan ta ci watanni. Wannan ya ce a fasa, wancan ya ce fasa sadaka ba kyau, kowa yana tsoron a ce da bakinsa aka rushe ladan mamaci. Ba wanda ya ƙi ceɗiyar nan a duk unguwar, wallahi kowa yana son ta. Suna son ta, suna kallo tana bushewa. Na gaya musu ladan inuwa da ladan siminti wanne ya fi, suka ce ni ba malami ba ne. Da aka je aka tambayi malamin unguwar, ya ce ba laifi a fasa, tun da don amfanin jama'a aka yi, amfanin jama'a kuma ya koma ga fasawa. Magana ɗaya, da tun farko aka tambaya! Amma ihu ne bayan hari.

Ranar da na fasa, da kurfi, ƙarfen sassaƙa dutse, da guduma na bi shi a hankali, ina ɗaga ɓallin siminti da hannu. Abin da na tarar ba na fatan ku gani. Ƙasar ta bushe ta zama gari, tana da zafi kamar tokar murhu. Ƙananan saiwoyin duk sun taso sun manne a bayan simintin suna neman ɗan gumin da yake yi, rana kuma ta gasa su ta sama. In ka taɓa sai su murmushe. Na tona har iya gwiwar hannu ban ji sanyi ba. Muka sassauta ƙasa, muka zuba taki da yashi, na koma bayan gari na tsinto duwatsuna na dā na sake jerawa. Dikko da tsufansa yake bin layin rijiya ya kawo tulu ya juye. Mutanen unguwa ma suka riƙa kawo nasu butocin. Reshe ɗaya ya yi toho, muka ce Alhamdu lillahi. Tohon ya yi 'yan kwanaki ya yanƙwane.

Kun san abin da aka ce? Aka ce ceɗiya tana nan lafiya lau sai da Arzika ya sa mata guduma. Har yau akwai tsofaffi a unguwar da suke faɗar haka. Da ta bushe ƙurmus aka ji tsoron kada reshe ya faɗo wa masu sallah, aka kira masu gatari. Aka raba iccen gida-gida. An kai wa Dikko nasa kason, ya ce a wuce da shi.

Bai daina fitowa ba. Ya koma jikin katangar da ke gefe, inda ake samun 'yar siririyar inuwa da safe. Kafin hantsi ya ɗaga ta ƙare. Ragowar simintin da ke wurin yana ɗaukar zafi ya mayar wa mutum a fuska. Wa zai zauna a cire masa hula a wannan rana? Mutanen Mandera suka koma wurin masu aski a rumfunan tasha. Aka ce ya kafa rumfar kara, ya kafa, iska ta kwashe, kuma a shekarar ko karan ma dabbobi ake ba.

Ni ban sauya wanzami ba. Wata ranar kasuwa na same shi shi kaɗai a jikin katangar, rana ta kusa tsaka. Na zauna na cire hula. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska a tafin hannunsa, ya fara daga dama. Ina jin zufarsa tana ɗiga a wuyana. Yana yi yana tsayawa ya share ido da hannun riga. Ya kai tsakiyar kai sai na ji zafi, jini ya gangaro mini ta bayan kunne.

Na ce, "Ba komi, Baba Dikko, ci gaba."

Ya danna mini auduga a wurin har jinin ya tsaya. Ya daɗe yana duban askar, sannan ya goge ta, ya naɗe, ya sa a zabira ya ɗaure bakinta.

Ya ce, "Tun ina yaro nika riƙon aska, ban taɓa yanka kan mutum ba. Ban gani, Arzika. Rana ta hana ni gani. Tashi ka tai tasha su ida maka."

Na ce ba inda za ni, zan jira la'asar ta yi sanyi ya ƙarasa. Ya girgiza kai, ya rataya zabirarsa, ya naɗe tabarma ya sa a hammata, ya bi ta inda ceɗiyar take a dā ya nufi gida. Daga ranar bai sake fitowa da aska ba. Ni kuma na kifa hula a kan rabin aski na koma gida, haka na bar shi har gashin ya tsiro ya haɗe.